Tururuwa a Cikin Ludayi

Gwaggo Indo ce ta shigo da kwanon da kanta, ta dire shi a gabana har romo ya fantsama kan tabarma. Ƙafar sa ce, an dafa ta luguf da yaji, ƙaurin nan da dangin miji ke aiko wa mai jego.

"Tashi ki ci," in ji ta.

"Gwaggo, ai kin san ba na ci."

"Na san da ba kya ci. Yanzu ke uwa ce, wasan yara ya ƙare."

Wasan yara! Shekara da shekaru ban sa nama a bakina ba, ban sha nono ba, ban ci ƙwai ba, ko man shanu ban yarda a zuba mini a tuwo ba, amma a wurinta duk wasa nake yi. Na ture kwanon a hankali na juya mata baya. Ta yi tsaki mai tsawo, ta ce za mu gani, da ni da ita.

Gwaggo Indo yayar mahaifina ce. Tun da Baba ya rasu ita ce babba a danginmu, ba a suna ba a biki sai da bakinta. Daga Gaffati aka ɗauko ta don ta yi mini wankan jego, tunda haihuwar fari ce kuma na dawo gidanmu na unguwar Birni, cikin Damagaram, wanka. Inna, mahaifiyata, mace ce mai sanyi, shekarunta na aure duk ta yi su ne tana sunkuyar wa wannan mata da kai, ba yanzu za ta koyi ɗaga ido ba. Mijina Nazir kuwa mushe ne, wato malamin makaranta, a Takieta. Ya zo materniti, asibitin haihuwa, ya ga 'yarsa, ya yi mata huɗuba, ya koma wa ɗalibansa sai ranar suna. Ni kaɗai aka bari da ɗinki a jikina da Gwaggo a kaina.

Bari in faɗi wannan tun da wuri, don na gaji da sharrin da ake ja mini. Ban taɓa cewa nama haram ne ba. A'uzubillahi, wace ce ni? Allah ya halatta, kuma ban taɓa ture wa kowa kwanonsa ba. Ranar layya da ni ake hura wuta. Abin da na ce kawai, idona ya gani, cikina ya ƙi. Shi ke nan laifina a Damagaram.

Ni ma'aikaciyar kiwo ce. Da na gama karatu, mayanka aka fara tura ni, in duba nama in buga masa tampo, wato hatimi, kafin a kai kasuwa. Da rani, sa'ad da ciyawa ta ƙare, mutane kan rabu da dabbobinsu ko ta halin ƙaƙa, har da masu ciki. Wata safiya aka ka da wata farar saniya. Da aka farke ta sai ga maraƙi ya sulalo ƙasa, cikakke, da gashinsa, da gashin idonsa, yana shure-shure a cikin jini. Mahaucin ya sa ƙafa ya tura shi magudana, ya juyo yana ce mini, "Madam, tampo, rana tana yi." Naman lafiyarsa lau, na buga. Da a ce sau ɗaya ne da na ce tsautsayi. Kullum ne. Tumaki, awaki, shanu, magudanar nan ba ta taɓa kwana da yunwa ba. Ga tumbinsu kuma, in an buɗe, leda ce dunƙule kamar tsumman wanki, abin da suka kwashe a juji saboda mu. Na wayi gari in an sa mini tsire a gaba, ƙafafun maraƙin nan nake gani.

Nono kuwa daga baya na bar shi. Mun fita rigakafi wata ruga, sai na ga saniya tana lasar wani abu ana tatsarta. Na matsa. Fatar ɗanta ce, an cusa mata ciyawa, an ɗinke, an yayyafa gishiri a baya. An sayar da naman ɗan, ita kuma ta riƙe nono ta ƙi saki, shi ne aka yi mata wannan dabara. Masu ita har dariya suke yi, suna nuna mini hikimarsu. Ko ta san ba ɗanta ba ne, oho, ban sani ba. Na dai ga tana lasa tana wani irin nishi, ƙwarya tana cika a ƙarƙashinta. Da aka dama mana fura da yamma na kasa haɗiya.

Na taɓa gwada ba da wannan labari a gida. Aka yi dariya, aka ce karatun lakwal, bokon nan, ya juya mini kai, aka sa mini suna akuyar Birni tunda ganye nake ci. Na bar su. Ina cin wakena, da awara, da ƙuli-ƙuli, da zogale, da riɗi, da kunun gyaɗa, da ƙwayar da likita ta rubuta mini. Da haka na yi goyon ciki, jinina bai taɓa sauka ba, na haifi 'ya ɓulɓul har sajifam, ungozomar materniti, tana ce mini madalla. Duk wannan bai isa shaida a wurin Gwaggo ba.

Duk macen da ta haihu ta san nono ba ya zuwa ran farko. Dakashi ne ke fara fitowa, rawaya, mai kauri, ɗiso-ɗiso. Sajifam ta ja mini kunne kafin mu fito, ta ce shi ne maganin jariri na farko, kada in bari a zubar. Ina ba jaririyar, tana kamawa, tana saki, tana kuka kamar yadda kowane jariri ke yi. Kowane kuka ta yi sai Gwaggo ta leƙo ta ce, "Yunwa. Ina nono zai fito a jikin da aka gina da ganye?"

Da hantsi ta shigo da ludayi a hannu, Inna na bayanta, da Maryama maƙwabciyarmu da aka kira don ta zama shaida.

"Buɗe," in ji Gwaggo.

"Me za a yi?"

"Gwaji. Haka aka yi wa uwarki, haka aka yi mini."

Kafin in ce wani abu ta kama ni ta matse, wallahi sai da na ga wuta a idona. Ta tara 'yan ɗigo a gindin ludayin, ta fita, ta dawo da tururuwa tsakanin yatsunta, ta jefa a ciki. Duk suka sunkuya suna kallo. Ƙa'idar ita ce, in tururuwa ta fita da rai nono mai kyau ne, in ta mutu guba ne. Ita kuwa baiwar Allah ta faɗa cikin abu mai danƙo kamar ƙaro, ta yi ta mutsu-mutsu, ƙafafunta suka manne, ta yi shiru.

"Inna lillahi!" in ji Maryama, ta dafe ƙirji.

"Na faɗa," in ji Gwaggo. "Nonon ya ɓaci. Wannan in ta ci gaba da sha, ba za ta ga suna ba."

Na ce, "Haba Gwaggo! Ko a zuma kika jefa ta mutuwa za ta yi. Kauri ne ya riƙe ta, ba guba ba. Dakashin kowace mace haka yake, na akuya ma haka yake, aikina ne, na sani!"

"Ji ta! Za ta koya mini haihuwa. Tara na haifa, yarinya."

"Nawa suka rayu?"

Na faɗa, kuma na san ba a faɗa. Inna ta rufe baki da gefen zane. Gwaggo ta dube ni, idonta ya kaɗa ya yi ja, ta ce a hankali, "Huɗu na binne. Shi ya sa ba zan binne wannan ba." Ta sunkuya ta ɗauke jaririyar daga cinyata. Na riƙe zanen, ta fizge, ni kuma na saki, don ba zan yi ja-in-ja da wuyan 'yata ba. Ta wuce da ita ɗakin Inna, can ƙetaren tsakar gida.

Na kwarara ihu, "Ku ba ni 'yata!"

Maryama ce ta juyo daga bakin ƙofa tana tafa hannu. "Tabɗi! 'Yar fari ce fa, Wasila. Ko kunya babu? Mu a zamaninmu ko kallon ɗan fari ba ma yi a gaban mutane." Wato an raba ni da 'yata, kuma ko kukanta ban da izinin yi. Tir da wannan kunya, in ji ni, kuma har gobe ina nan a kan bakana.

Sharaɗin Gwaggo ɗaya ne, ta aiko Inna da shi. In ci nama, in sha romo, nono ya gyaru, a sake gwaji. In tururuwa ta fita, a ba ni. Kafin nan za a riƙe yarinya da nonon akuya.

Washegari da safe Baba Nomau, mijin Gwaggo, ya iso daga Gaffati da wata jar akuya. Tsoho ne mai fara'a, ba ruwansa da kowa, abin da matarsa ta ce shi yake yi. Aka wuce da akuyar bayan ɗakuna, wajen da ake dafa ruwan wanka. Tun daga zaure take kuka, hantsarta a cike har tana tafiya a wargaje. Na leƙa ta taga na ce, "Ina ɗanta?"

"Abin da ya dame ki ke nan?" in ji Gwaggo. "Taki 'yar na kwana da yunwa, kina tambayar ɗan akuya." Ta wuce abinta. Inna kuwa ta sunkuyar da kai tana gyara itace a murhu, ni kuma na ɗauka an baro shi Gaffati ne.

Na kira Nazir a wayar salula. Na gaya masa komai, ina kuka ina haɗiye kuka. Ina jin hayaniyar yara a bayansa, ya ce, "To Wasila, ki ci mana. Yanka ɗaya ne fa. Ki rufe ido ki haɗiye, a zauna lafiya. Ni ba zan zo gidan surukai in ɗaga wa tsohuwa murya ba."

Yanka ɗaya! Mutumin da ya zauna da ni a ƙofar gidan nan tun kafin aure na ba shi labarin maraƙin, har ya ce shi ya sa yake so na, wai zuciyata ba irin ta kowa ba ce. Mutumin da yake cin tuwona da miyar wake yana suɗe hannu. Yau shi ne mai cewa yanka ɗaya. Na ce masa, "Malam, an ƙwace maka 'ya ana ɗura mata nonon dabba da cokali, abin da ka iya faɗa ke nan?" Ya ce in yi haƙuri, an buga ƙararrawa, zai kira. Na jefar da salular kan katifa. Daga baya na ɗauka na kira sajifam, ta ce maza-maza in mayar da yarinyar kan nono, kada a ƙara ba ta komai. Faɗa da sauƙi. Ita tana can cikin farar rigarta, ni ina nan ko miƙewa ba na yi sai na dafa bango.

Duk da haka na miƙe. Na ja ƙafa na ƙetare tsakar gida, jiri na ɗibana. Na tarar da Gwaggo zaune daram a bakin ƙofar Inna, ta goya yarinyar ta ɗaure da majanyi, ta jingina bayanta ciki.

"Gwaggo, don girman Allah."

"Kin ci?"

"Ki bar ni ko sau ɗaya ta kama."

"Kin ci?"

Na tsaya ina kallon ɗan kan 'yata da ya leƙo daga zane. Na rantse da a ce namiji ne a ƙofar nan da na fasa masa kai da taɓarya. Amma tsohuwa ce, yayar ubana, kuma ta yi imani har cikin ranta ceton rai take yi. Wannan shi ya fi ƙona ni. Mugu kana iya zaginsa ka huce. Na juya na koma ɗaki.

A ranar ne nono ya zo. Ba ƙauri, ba romo, ya zo don lokacinsa ya yi. Ƙirjina ya kumbura ya yi tauri kamar dutsen niƙa, zafi har hamata, rigata ta jiƙe sharkaf. In yarinyar ta yi kuka a ɗakin Inna sai ya tsinke yana zuba da kansa. Ita tana kuka can, akuya tana kuka a baya, ni ina zaune a tsakiya da tsumma a ƙirji. Na ce a zo a sake gwaji yanzu. Gwaggo ta ce ba za ta ɓata tururuwa a banza ba, abin da ya ɓata shi jiya yana nan yau, sai na ci.

Bayan azahar Inna ta shigo, ta zauna a gefen katifa, abin da ba ta taɓa yi ba, don ni ce ta fari a wurinta, ko sunana ba ta faɗa.

"Ke," in ji ta da ƙaramar murya. "Cikin yarinyar ya fara gudu. Sau uku ina canza mata tsumma. Kukan ma ya rage ƙarfi."

Na san abin da zawo ke yi wa ɗan kwana uku. Na gani a 'yan raguna, safe suna tsaye, yamma an ja su a ƙafa.

"Inna, ki ɗauko mini ita. Gidanki ne. Jikarki ce."

Ta girgiza kai, hawaye na zuba. "Ba zan iya da Gwaggonki ba. Ban taɓa iyawa ba. Ki ci, ko loma biyu. Ba don ita ba, don 'yarki."

Na dube ta. Raina ya ɓaci da ita fiye da kowa, kuma tausayinta ya kama ni fiye da kowa. Na ce, "A kawo."

Ba ƙafar san aka kawo ba. Gwaggo ta shigo da wani ƙaramin kwano, har da murmushinta, ta ce ta san ƙauri zai yi mini nauyi tunda cikina ya manta, shi ya sa ta yi mini mai laushi, romo sassauƙa da citta da kanumfari. An sake kiran Maryama. Suka zauna suka sa ni a gaba kamar mai shan magani.

Na ɗauki tsoka. Taushi gare ta, ba ta buƙatar tauna, kuma wannan ya fi komai muni. Na sa a baki. Maiƙon ya lulluɓe mini harshe, warin mayanka ya taso mini gaba ɗaya, magudanar nan, ƙudan nan, ƙafafun nan masu shure-shure. Na haɗiye. Na sake ɗauka. Gwaggo ta ce romon ma. Na kafa kai na shanye, na kife kwanon a gabanta har ya yi ƙara.

"To. Kawo ludayinki."

Ta ce a bari ya ratsa jiki tukuna. Na ce wallahi ba zan ƙara jiran ko numfashi ɗaya ba. Ta ga idona, ta miƙo. Ko matsawa ban yi ba ludayin ya kusa cika, fari tas, tsararo. Ta jefa tururuwa. Ta yi iyo abinta, ta kama gefen ludayi, ta haye, ta bi hannun Gwaggo da gudu.

Maryama ta rangaɗa guɗa. "Ayyururui! Kun ga aikin nama! Yanzu-yanzu fa ta ci!"

"Ba na faɗa ba?" in ji Gwaggo. "Da ta ji magana tun farko."

Naman da ko cikina bai gama sauka ba, wai shi ya gyara nono. Nonon da ya wuni yana jiƙa mini riga a gaban idonsu. Na miƙa hannu biyu kawai. Aka kwanto 'yata aka ba ni, ta yi sauƙi a hannuna, leɓenta a bushe. Ta lalubo ta kama, ta ja da ƙarfin da ban san tana da shi ba, har na ji zafin ya bi bayana. Na sunkuya a kanta na yi kuka a gabansu duka, 'yar fari ko ba 'yar fari ba, wanda kunya ta dama ya fita. Ta sha har ta yi barci da shi a baki. Na ce a raina, shi ke nan, na saya, na biya, ya wuce.

Da la'asar aka ce ruwan wanka ya tafasa. Na ƙi ba kowa 'yata. Na rungume ta na nufi bayan ɗakuna, Inna na biye da ni da ganyen dogon yaro, a kan ita za ta riƙe ta a gabana ina gani. Da na sha kwana sai na tsaya cak.

Akuyar tana ɗaure a turke. A gabanta an kife turmi, an shimfiɗa masa wata 'yar fata ja, ɗanya, da 'yan kunnuwanta, an barbaɗa gishiri a bayan. Tana lasa tana wannan nishin da na sani.

Baba Nomau yana zaune a gefe yana gyaran igiya. Ya ga ina kallo sai ya washe baki. "Ai 'yar nan, taurin kai gare ta kamar ke. Ta riƙe nono ƙam, sai da muka yi mata dabarar makiyaya."

"Baba," na ce, "ɗanta ne?"

"Shi ne mana. A buhu na zo da shi. Gwaggonki ta ce in an bar shi zai shanye na jaririya, ga shi kuma kina buƙatar mai laushi. Da safen nan na yanka. Ya yi daɗi ko? Ai bai fara cin ciyawa sosai ba."

Amai ya taso mini. Na danne. Na cije leɓe na haɗiye shi ya koma, don na san in suka ga na amayar za a ce nama bai zauna ba, a sake ɗauko ludayi. Ko aman ma ban da ikon yi.

Na miƙa wa Inna yarinyar. Na taka na fizge fatar daga kan turmin na yi jifa da ita bayan tukunyar wanka. Akuyar ta zabura har igiya ta shaƙe ta, ta dinga wani kuka da ban taɓa ji daga bakin dabba ba, tana jan turke tana neman inda fatar ta faɗi. Na durƙusa a gefenta, ɗinki na ja na. Hantsarta ta kumbura tana sheƙi, da zafi rau. Tun da aka ba ni 'yata ba wanda ya sake tunawa da ita, an gama da ita. In aka bar ta haka hantsar za ta sankare ta yi ruwa, kuma ni a ranar ba sai an gaya mini yadda wannan ciwon yake ba. Na kama na ja a hankali. Ko ɗigo. Na shafa ta, na yi mata magana, na sake ja. Ta riƙe, tana rawar jiki, idonta na wajen tukunya.

Na daɗe a durƙushe. Sannan na tashi, na je na ɗauko fatar, na kakkaɓe mata toka, na mayar da ita kan turmin da hannuna. Ta kai baki ta fara lasa. Na ja, nono ya tsinke.

Ban tara komai ba. Na bar shi yana zuba a ƙasa, rairayi na shanyewa. Gwaggo ta fito ta gani, ta ɗora hannu a ka.

"Ke mahaukaciya ce? Wannan asara har ina! Zuwaira, miƙo ƙwarya, ko fura a dama da shi."

Zuwaira ita ce Inna. Ta dubi ƙwaryar da ke kife kusa da ƙafarta, ta dubi jikarta a hannunta, ba ta motsa ba.

"Ba mai shan sa, Gwaggo," na ce.

"Don me? Nono mai kyau, a zubar a ƙasa? Ba shi da mai shi ne?"

"Yana da mai shi. Kin dafa shi kin ba ni na cinye."

Baba Nomau ya ajiye igiyarsa. Ruwan wanka ya yi ta tafasa ba wanda ya kula, ni kuma na ci gaba da tatsa har hantsar ta saki, ita tana lasar ɗanta, tawa 'yar ta farka a hannun Inna tana neman nata.